Malam Ɓatau da Tsohuwar Hanyar Gwaram

Ƙishirwa ce ta kai Badaru gaban Mairama.

Tun hantsi yake bulayi cikin duwatsun da ke bayan Birnin Kudu, gorarsa ta bushe ƙaf. Ɗan malamai ne daga Gwaram, wata biyu ke nan da zuwansa birni ƙaro karatu. A wancan zamani, shekara kusan saba'in bayan jihadi, duk mai son zuwa Birnin Kudu daga Gwaram sai ya jira ayarin fatake ya bi su a zagaye, kwana biyar. Amma Badaru ya ji tsofaffi na cewa a da akwai turbar ƙafa da ta ratsa duwatsu, kwana biyu kacal. Ya tambayi mutum ya fi goma ina bakinta yake.

"Ai an daina bi."

"Saboda me?"

"Haka muka tarar."

Ba amsar da ke tafasa masa zuciya kamar wannan. Shi ya sa ranar Alhamis, da yake ba karatu, ya fita nemanta da kansa. Ga shi kuwa ya ɓace.

Rana ta take tsaka sai ya ji wani amo mai zaƙi, kamar ana buga ƙararrawa a cikin tulu. Ya bi amon, ya kutsa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, sai ga shi a bakin wani kogo mai yalwar inuwa. Mata ne cike, sun sa amarya a tsakiya. Wata budurwa doguwa mai wushirya tana tsaye da ƙananan duwatsu a hannu biyu, tana buga wani falalen dutse, shi kuma yana amsa mata kamar ƙarfe.

"Namiji!" in ji wata. Kowacce ta ja mayafi.

Maƙogwaronsa a bushe, amma wa'azi ne ya fara fitowa.

"Subhanallahi! Musulmi da yi wa dutse kiɗa? Ba wanda ya gaya muku..."

"Ɗan nan," wata tsohuwa ta katse shi, "a garinku ba a fara sallama?"

Budurwar ta ajiye duwatsun, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ƙyale shi, Dada. Malam, ina za ka?"

"Tsohuwar hanyar Gwaram nake nema."

"Ka same ta?"

Ya girgiza kai.

"To Malam, kai da ka ɓace, ka bari a fid da kai tukuna. Daga baya sai ka nuna mana hanya."

Mata suka kwashe da dariya, har amarya daga cikin lulluɓi. Budurwar ta ɗebo ruwan sama da ya kwanta a wani gurbin dutse, ta durƙusa ta miƙa masa ƙwarya. Da ya ɗaga kai yana sha, sai ya ga rufin kogon. Shanu ne jajaye masu dogayen ƙahoni, an zana su a jikin dutse, suna jere kamar za su mashaya.

"Wa ya zana waɗannan?"

"Waɗanda suka riga kakan kakana. Ba ma roƙonsu komai, Malam. Inuwarsu kawai muke sha."

Ta kwatanta masa kwazazzabon da zai bi ya faɗa birni. Ya yi taku uku, ya dawo wurin tsohuwar.

"Inna, 'yar wane gida ce?"

"Jikata ce. Mairama 'yar Barau maharbi, a Unguwar Ya. Ƙararmu za ka kai?"

"A'a, godiya zan je yi."

"Uhm," in ji Dada. "Mun san irin godiyar nan."

Godiyar ta ɗauki wata guda ba ta ƙare ba. Kowace Alhamis bayan la'asar Badaru na kan tabarma a ƙofar gidan Barau, Dada na gefe tana kaɗi, kunnenta a wurinsu. Mairama ta sa masa suna Malam Ɓatau. Shi kuma ya ce to ita ce Jagorarsa. Ya gano ta yi karatu wurin matar liman, tana rubuta ajami da hannu mai kyau, kuma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

"Jagorata," ya ce mata wata rana, "tun da na sha ruwan ƙwaryar nan karatu ya daina zama mini. In na buɗe littafi wushiryarki nake gani tsakanin layi."

"Kai, Malam Ɓatau! Kada malaminka ya ji ya ce na yi maka asiri da ruwan dutse."

"In asiri ne, kada a karya."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Can ya ce, "Amma har yanzu kiɗan nan na damuna. Mene ne amfaninsa?"

"Ka saurari waƙar kuwa, ko ka tsaya a kiɗan?"

Ta rage murya ta rera masa:

"Amarya, riƙe hanya da kyau,
Wadda ta kai ki ita ke dawo da ke.
Bar shanun dutse a hagunki,
Kuka uku, rijiya na tsakaninsu.
Kufan maƙera, taka a hankali,
Masallacin duwatsu, yi azahar.
Kwana a ruga, gai da mai nono,
Farin yashi, ɗage zane ki haye,
Ga ganuwar Gwaram, share hawaye."

Badaru ya miƙe zumbur.

"Wannan ai hanyar ce! Hanyar da nake nema!"

"Ita ce. A da 'yan matanmu da yawa can ake kai su aure. Kafin a kai amarya sai a hau da ita dutse a koya mata hanya, don in ta yi kewar gida ta san inda za ta bi. Kiɗan don waƙar ta zauna mata a ka ne."

"To me ya hana a bi ta yanzu?"

"An yi wani hari shekara ashirin da suka wuce. Daga nan kowa ya ji tsoro."

"Maharan suna can zaune har yau suna jira?"

Dada ta yi dariya. "Wa ya je ya gani?"

Nan fa bakin Badaru ya buɗe. Ya ce wannan ita ce cutarmu. An riƙe waƙa an saki hanya. Masu kiɗa suna yi ba su tambayi dalili ba, masu hani suna hanawa ba su saurara ba, kowa ya naɗe ƙafa yana cewa Allah ya kyauta, alhali Allah ya ba shi ƙafar. Ya yi ta faɗa har Mairama ta ce, "Malam, mu biyu ne kawai a nan, kuma duk mun yarda. Zauna."

Ba shi kaɗai ke zuwa ƙofar gidan nan ba. Akwai Manu, ɗan maƙwabcinsu, mai gonar dawa da ido ba ya ganin ƙarshenta. Ba mugu ba ne, sai dai tun da aka haife shi bai taɓa wuce kasuwar birni ba, kuma yana alfahari da haka. Ranar da suka yi kiciɓis a ƙofar gida ya dubi ƙafar Badaru da ta sha ƙaya.

"Malam, an ce hanya kake nema. Me aka ajiye a Gwaram ɗin da babu a nan?"

"Mutane."

"Mu nan dabbobi ne?" Manu ya yi dariya. "Ni dai daga ɗakina in na yi tari ana ji a gidan nan. Uban yarinya ya san wannan."

Ya kuwa sani. Da Badaru ya nemi ganin Barau, ya same shi a zaure yana gyaran kibau. Mutum ne mara yawan magana. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye kibiyar.

"Ɗan malam, ban ga aibunka ba. Amma ina da ƙanwa, Kulu. An kai ta aure Gwaram ana saura shekara guda a yi harin nan. Mijinta ba mai bin fatake ba ne, mace kuwa ba ta kwana biyar a hanya ita kaɗai. Uwarmu Dada ga ta nan, shekara goma sha bakwai tana duban hanya. Sai labarin rasuwarta muka ji, bayan arba'in. Ba na ba da Mairama ga wanda bai san hanyar dawo mini da ita ba."

"Baba, ai kai maharbi ne. Me ya hana ka bi turbar ka je ka gan ta?"

Tambayar ta fita kafin ya auna ta. Fuskar Barau ta canza.

"Tashi. Kada in sake ganinka a ƙofata."

A makon ne kuma fatake suka kawo masa amsar wasiƙar da ya aika wa mahaifinsa, Malam Sulaimanu, kan maganar auren Mairama:

"Zuwa ga ɗana Badaru. Bayan gaisuwa, na ga saƙonka. Karatu na aike ka. An gaya mini gidan da ka ambata gidan farauta ne, matansu kuma masu hawa dutse da amare. Ba mu haɗa zuri'a da wannan ba. Ka bar maganar. Wassalamu."

An gaya mini. Badaru ya maimaita kalmar ya fi sau goma. Amma gwiwarsa ba ta yi sanyi ba, don shi a ganinsa duk ƙofofin biyu mabuɗinsu ɗaya ne. Ya yagi gefen takarda ya rubuta, ya kai wa Dada a kasuwar birni inda take sayar da daddawa:

"Zuwa ga Jagorata, sanyin idona. Baba ya hana ni ƙofarku, bai hana ni hanya ba. Na yi niyyar bin waƙarki da ƙafata har Gwaram, in dawo in gaya masa abin da na gani. Ki fito ki raka ni ko zuwa kuka ukun nan ne, ki ɗora ni a kan turba. In kina tare da ni ba dutsen da zai ba ni tsoro. Naki har kullum, Ɓatau."

Ranar Juma'a Dada ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa amsa, an ninke ta ƙanƙanuwa kamar laya. Ta ce, "Ka yi abin da za ka yi da wuri, ɗan nan. Juma'a ta sama iyayen Manu za su zo tambaya."

Ya buɗe. Layi ɗaya ne a bayan takardarsa:

"Ba ruwana da kai, Malam. Ka je wurin Baba."

Ya karanta sau biyu. Dada ba ta karatu, ta ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Inna." Girman kai bai bar shi ya ƙara ko kalma ba. Ashe ita ma tari daga ɗakin maƙwabta ta zaɓa!

Asabar da sassafe ya rataya gafaka. Ya ce ko ba Mairama sai ya ga ƙarshen hanyar nan, in ya isa gida kuma ba zai dawo ba.

Ya bar shanun dutse a hagunsa. Kaka ce, ciyawa ta kai ƙirji, dawa ta sunkuyar da kai a gonakin ƙarshe, daga nan sai daji. Turbar ta ɓace a ido, amma ƙafa na jin ta, don ƙasar da aka shekara ɗaruruwa ana takawa ba ta yin laushi. Wasu gwaggon birai suka zauna a kan dutse suna kallonsa. Da hantsi ya hango kuka uku, ya sami rijiya a tsakaninsu, ƙasa da ganye sun cike ta. A kufan maƙera ya gane abin da ya sa aka ce a taka a hankali: kashin ƙarfe ne baƙi ƙirin barbaje ko'ina, mai yanka ƙafa, ga ragowar murhun narka tama a tsaye kamar rumbunan da aka manta.

Azahar ta same shi a kan wani tudu. Nan ya tsaya cik. An jera duwatsu a ƙasa, sahu huɗu, ga ɗan lanƙwasa a gabas inda liman ke tsayawa. Dutsen wajen sujada ya yi santsi. Daga nan ana hango kwari gaba ɗaya, kore shar, dorawa da kanya da giginya, kogi na walƙiya can nesa. Ya yi salla shi kaɗai a sahun gaba. Da ya sallame ya juya dama don ya ce, "Jagorata, kin gani?" Sai ya tuna.

Haka ya yi ta tafiya, kowane baiti ya cika sai ya ji muryarta. Ya kwana a ruga, Fulanin suka ce rabonsu da ganin mahara tun yaransu na goye, su kam kullum suna kora shanu ta nan. Kashegari ya haye Kogin Bunga a mashigin farin yashi, ruwa iya gwiwa. Kafin la'asar ga ganuwar Gwaram. Kwana biyu, kamar yadda aka faɗa.

Da safe ya durƙusa gaban Malam Sulaimanu a zaure.

"Da wane ayari ka zo?"

"Ni kaɗai, Baba. Ta duwatsu."

Ya ba shi labarin waƙar, da rijiyar, da masallacin. Tsohon ya saurara yana shafa gemu. Sannan Badaru ya ce, "Maganar yarinya kuwa ka kwantar da hankalinka. Ta mutu." Ya miƙa masa takardar.

Malam Sulaimanu ya karanta gaba, ya karanta baya. Ya matsa bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ya sa farce ya miƙar da ninkin, ya ɗaga takardar sama.

"Badaru, wa ya koya maka karatu?"

"Kai ne, Baba."

"To na yi asara. Zo nan. Wannan harafin mene ne?"

"Ra."

"Dubi samansa, daidai kan ninki."

Badaru ya ƙura ido. Akwai wani ɗan tabo, inda busasshiyar tawada ta ɓamɓare ta bar gurbi.

"Ɗigo ne," in ji tsohon. "Ninki ya cinye shi. Ba ra ba ce, zaira ce. Mu masu allo ɗigo ai ruwa muke ce masa. Ruwan harafi ya tsiyaye, kai kuma ka karanta ruwa. Sake karantawa."

Badaru ya karanta: "Ba zuwana da kai, Malam. Ka je wurin Baba."

"Ka ji. Kai ɗan malamai ka kira 'yar mutane daji. Ita 'yar maharbi ta ce ba ta zuwa, ka je ka gaya wa ubanta niyyarka shi ya ɗora ka a hanya. Wa ya koya wa wani fiƙihu a nan? Kai ne kullum kake cika mana kunne, a duba kafin a yanke hukunci, a duba kafin a yanke hukunci. Ɗigo ɗaya ka kasa dubawa."

Badaru ya rasa inda zai sa kansa. Tsohon ya ninke takardar a hankali.

"Ni ma ban duba ba," ya ce. "An gaya mini, na rubuta. Yaushe ka ce masu neman za su je?"

"Juma'a."

"Yau Litinin. Ɗauko mini sandata da takalmin fata. Ka nemo fartanya da igiya kuma. Rijiyar da aka haƙa don matafiya ba a wuce ta a cike."

Kwana uku suka yi, don ƙafar tsoho ba ta saurayi ba ce. A masallacin duwatsu Malam Sulaimanu ya shiga lanƙwasar liman ya ja su salla, su biyu da wani Bafulatani da ya biyo su. Rijiyar ta ci musu yini guda. Badaru na ciki yana haƙa, uban na jan ƙasa da igiya, har ruwa ya tsattsafo ja, ya koma fari. A kogon shanu tsohon ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa falalen sau ɗaya, ya saurari amon har ya mutu. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa murya a dutse."

Juma'a da hantsi suka yi sallama a zauren Barau. Baffannin Manu biyu na zaune, ba a kai ga buɗe magana ba. Barau ya dubi tsohon da ƙafafunsa suka kumbura, ya dubi Badaru da jar laka har wuya.

"Ni ne Sulaimanu na Gwaram," in ji tsohon. "Na zo da abu biyu. Na farko ban haƙuri, don yaron nan ya gaya mini tambayar da ya yi maka, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Na biyu, ina nema masa 'yarka."

"Ta ina kuka zo?"

"Ta inda aka kai ƙanwarka."

Barau ya juya ga Badaru.

"A kufan maƙera, turba ta rabu biyu. Wacce ka bi?"

"Ta dama, Baba. Ta hagu kwazazzabo ya cinye ta."

"Mashigin farin yashi fa?"

"Ya matsa ƙasa kaɗan, daidai wata giginya mai kai biyu."

"Rijiyar kuka uku ta mutu. Wani mafarauci ya gaya mini."

"Ta tashi, Baba." Badaru ya kwance gorarsa ya ajiye a gabansa. "Ga ruwanta."

Barau ya ɗaga gorar ya kurɓa. Ya riƙe ruwan a baki kafin ya haɗiye. Sannan ya dubi Badaru.

"Tambayar da ka yi mini ranar nan, ba rashin kunyarta ce ta ƙona ni ba. Shekara ashirin ina yi wa kaina ita." Ya dubi baffannin Manu. "Ku yi haƙuri, ban yi wa kowa alkawari ba. Yarinya kuma tana da baki. Dada! A tambayo ta."

Ba a jima ba Dada ta dawo tana danne dariya.

"Ta ce a ba Manu haƙuri, Allah ya ba shi wadda ta fi ta. Shi kuma wancan, ta ce a tambaye shi, da zai tafi wa ya yi wa sallama?"

Malam Sulaimanu ya ce, "Wannan shari'ar ba ta zaure ba ce. Shi ya ɓata, shi zai gyara."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a inda aka saba. Mairama ta fito ta zauna can ƙarshenta, ta juya masa ƙeya.

"Jagorata."

Ba ta juyo ba.

"Sanyin idona, ki dube ni ko sau ɗaya."

"Kwana shida, Malam. Na ce ka je wurin Baba, sai na ji wai an ga ƙeyarka ka shiga duwatsu. Kullum sai na hau kan rumbu ina duban gabas, ina cewa ko kura, ko kogi. Ko abinci..." Ta goge ido da bakin mayafi.

Ya ajiye takardar a tsakaninsu, ya nuna mata gurbin ɗigon, ya gaya mata abin da ya karanta. Ta duba, ta sake dubawa.

"Ba ruwana da kai? Ni? Kuma ka yarda?"

"Na yarda. Wautata ke nan."

"Wata guda kana zaune a nan kana kallon idona, sai ɗigo ɗaya ya fi ni gaskiya a wurinka?"

"Na tuba, Mairama. Kowane baiti na waƙarki na same shi inda kika ce. A masallacin nan na juya zan yi miki magana, na ga ba kya nan, sai na ji duk kyan wurin ya zama banza. Ban san ina son ki haka ba sai da na yi kwana biyu ina fushi da ke."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, wushiryar ta ƙi ɓuya.

"Daga yau in na rubuta maka abu, ka zo ka tambaye ni da baki."

"Daga yau ba ma sai kin rubuta ba. Ina kusa."

"Uhm," in ji Dada daga gefe, mazarinta na juyawa. "Godiya dai har yanzu ba ta ƙare ba."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a Unguwar Ya. Kafin nan Badaru ya bi masallatai da majalisu yana kiran gayya, bai bar kowa ya huta ba, har samari arba'in suka fito da gatura da addunan sara, daga can Gwaram ma wasu suka taro su. Manu bai je ba. Ya ce shi ba inda za shi, kuma kafin shekara ya auri wata 'yar bayan gidansu, kowa ya samu abin da yake so.

Ranar kai amarya ƙawayenta suka hau da ita dutse suka buga mata waƙar, ita da ta saba buga wa wasu. Daga nan ayari ya kama turba, mata da kaya a ka, Dada a kan jaki, Barau a gaba da bakansa. Suka sha ruwa a kuka uku, suka cika sahu huɗu a kan tudu har wasu suka yi salla a kan ciyawa.

A bakin kogi mutanen Gwaram na jira a ɗaya gaɓar, Badaru a cikinsu da farar riga. Bai iya jira ba, ya tattare riga ya shigo ruwa ya hayo. Barau ya kama hannun 'yarsa ya tsaya a kan yashi.

"Ga ta nan. Kowace shekara in an gama girbi ina son in ji sallamarta a ƙofata."

"Ko an gama ko ba a gama ba, Baba, ran da ta ce gida, da ƙafata zan kawo ta."

"Na ji, shaidu sun ji." Barau ya ɗora tafinsa a kanta. "Allah ya yi miki albarka, Mairama. Allah ya sa gidan da za ki ya zame miki inuwa. Allah ya ba ku zuri'a masu tambaya, masu tashi su je su gani."

"Amin!" in ji gaɓa biyu a tare, guɗa ta tashi har tsuntsaye suka watse daga kan giginya.

Daga cikin lulluɓi Mairama ta yi magana ƙasa ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji.

"Malam, ruwan da sanyi?"

"Da sanyi, amaryata. Amma iya gwiwa ne, na auna miki shi sau uku."

Ta ɗage bakin zanenta, ta sa ƙafar dama da bismillah, suka haye tare.

Allah ya bar su tare har tsufa, ya sa albarkar da ta sauka a kan yashin nan ta kai ga duk masoyan da suka tashi tsaye don junansu.